Tambaya da Amsa: Shiga Kwazazzabon Taroko na Taiwan a Kan Babur

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, ina harkar kayan gyaran injuna, kuma nan gaba kaɗan zan je baje kolin kayayyaki a birnin Taipei na Taiwan. Idan an tashi daga baje kolin zan sami 'yan kwanaki kafin in dawo gida. Na ga hotunan bidiyo na wani kwazazzabo mai suna Taroko, inda matafiya ke ɗaukar hayar ƙaramin babur irin mai kama da Besfa su ratsa tsakanin duwatsu, kuma abin ya shiga raina ƙwarai. Tun ina saurayi nake hawan babur, don haka ba na tsoron hanya. Ina neman shawararku a kan yadda zan tsara wannan tafiya.
Daga wani mai karatu, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ba da sa'ar kasuwa, ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya. Wurin da ya shiga ranka ya cancanci haka, amma kafin mu yi maganar babur ya zama dole ka duba ranar da aka ɗauki waɗannan hotuna da ka gani, domin da yawa daga cikinsu sun girmi ranar 3 ga Afrilu, 2024. A safiyar wannan rana, gab da ƙarfe takwas, girgizar ƙasa mai ƙarfin fiye da maki 7 ta afka wa yankin Hualien inda gandun Taroko yake, wato yankin da gwamnati ta keɓe wanda kwazazzabon ke cikinsa, kuma ita ce mafi ƙarfi da Taiwan ta gani tun bayan ta watan Satumba na 1999. Mutane fiye da 1,000 suka jikkata, waɗanda suka rasu kuwa da dama daga cikinsu duwatsu ne suka rufto musu a cikin gandun ko a kan hanyoyin da ke kewaye da shi, ciki har da masu yawon buɗe ido a kan turbar ƙafa ta Shakadang. Ɗaruruwan mutane sun maƙale a cikin kwazazzabon har tsawon kwanaki. Bayan wannan kuma mahaukatan guguwa biyu, Gaemi a watan Yuli da Kong-rey a ƙarshen Oktoba na shekarar, suka zo suka zubar da ruwa a kan duwatsun da girgizar ta riga ta sassauta. Tun daga lokacin hukumar gandun take buɗe wurare kaɗan-kaɗan, hukumar hanyoyi kuma takan ƙayyade sa'o'in da ake barin ababen hawa su wuce, a rufe hanya a tsakani domin ma'aikata su yi aiki. Saboda haka abu na farko da za ka yi, tun kana Taipei, shi ne ka duba sanarwar hukumar gandun da ta hukumar hanyoyi, sannan ka sake dubawa da safiyar ranar da za ka shiga. Kada ka gina tafiyarka a kan abin da wani ya ɗauka da wayarsa shekarun baya.

Zuwa wurin ba shi da wuya. Jirgin ƙasa mai sauri yana kai mutum daga Taipei zuwa birnin Hualien cikin kimanin sa'o'i biyu, daga Hualien zuwa ƙofar gandun kuma tafiyar kimanin kilomita 25 ce. Akwai tasha mafi kusa da ƙofar mai suna Xincheng, sai dai shagunan hayar babur sun fi yawa a gaban tashar Hualien. Yana da kyau a sayi tikitin jirgin da wuri, musamman idan tafiyar ta faɗo ƙarshen mako.

Maganar takardu ita ce inda mutanenmu suka fi yin sakaci. Mai shagon haya zai nemi fasfo da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa wanda aka buga wa hatimi a gurbin babur. Lasisin mota kaɗai ba ya ba ka izinin hawan babur mai cc 125, wanda shi ne aka fi bayarwa haya, kuma a lasisin Nijeriya rukunin babur shi ne rukunin A. Ban da wannan, Taiwan tana karɓar lasisin baƙo ne bisa tsarin ban-gishiri-in-ba-ka-manda, wato gwargwadon yadda ƙasar baƙon take karɓar lasisin mutanenta, don haka lokacin da za ka nemi biza a ofishin kasuwanci na Taipei da ke Legas, ka tambaye su matsayin lasisinka, ka nemi amsar a rubuce. Za ka iya samun mai shagon da zai kau da kai ya miƙa maka makulli ba tare da takarda ba. Ina roƙon ka da kada ka karɓa. Tarar 'yan sanda ita ce mafi sauƙin abin da zai iya biyo baya. Babbar matsalar ita ce idan tsautsayi ya gitta, kamfanin inshorar tafiya zai iya ƙin biyan ko sisin kwabo da hujjar cewa ka hau abin da ba ka da izinin hawa, kuɗin asibiti da na wanda aka yi wa ɓarna kuma su dawo wuyanka a ƙasar da ba ka da kowa.

Ka ce ba ka tsoron hanya, kuma ban yi shakkar ƙwarewarka ba, amma wannan babur ba irin wanda hannunka ya saba da shi ba ne. Ba shi da kuloci, ba shi da giya. Totur kawai ake murɗawa ya tafi. Madannin da ke hannun hagu, wanda a babur ɗinka na gida kuloci ne, a nan birkin baya ne, kuma babu birkin ƙafa. Mutumin da ya shekara da shekaru yana damƙe hannun hagu gaba ɗaya idan zai tsaya zai iya yin haka a kan kwalta mai laima ba tare da ya yi tunani ba, tayar baya ta kulle, babur ya zame da shi. Tayoyinsa ƙanana ne, suna jin kowane rami da kowace tsakuwa. A gangara kuma ba za ka iya saukar da giya injin ya riƙe ka ba, birki ne kaɗai abin dogaro, shi kuwa birki idan aka daɗe ana danne da shi yakan yi zafi ya rage kamu. Ka ɗauki rabin sa'a a lungunan Hualien kana tashi kana tsayawa har hannuwanka su koyi sabon aikinsu, ka gwada fitila da oda da birki biyun, ka ɗauki hoton duk wani ƙarce da ke jikin babur ɗin a gaban mai shago. Hular kwano wajibi ce a doka, ga direba da wanda aka goya, kuma idan aka ba ka 'yar ƙarama wadda ke rufe tsakar kai kaɗai, ka nemi wadda ke rufe kunnuwa da haɓa.

Ana tuƙi ta hannun dama kamar a Nijeriya da Nijar, wannan sauƙi ne. Akwai wata ƙa'ida ɗaya da za ta zo maka baƙuwa. A manyan mahaɗar hanyoyi da yawa ba a yarda ƙaramin babur ya karya hagu kai tsaye ba. Za ka ga allo shuɗi mai hoton babur da kibau biyu; idan ka gan shi, sai ka miƙe ka tsallaka mahaɗar ta gefen dama, ka shiga wani ɗan akwati da aka zana da farin fenti a gaban motocin da ke jira a ɗaya hanyar, ka juya kan babur ɗinka ya fuskanci inda kake son zuwa, ka jira fitila ta ba da hannu. Da farko abin zai yi maka kamar ɓata lokaci, amma da ka ga yawan baburan da ke ƙasar za ka gane hikimarsa.

Hanyar da ke ratsa kwazazzabon ita ce babbar hanya mai lamba 8, wadda aka fara haƙawa a 1956 aka buɗe a 1960 domin haɗa gabashin tsibirin da yammacinsa. Mafi yawan waɗanda suka yi aikin tsoffin sojoji ne da suka biyo gwamnatin shugaba Chiang Kai-shek daga babban yankin Sin, kuma da diga da guduma da nakiya suka sassaƙe ta a jikin dutse. Fiye da 200 daga cikinsu sun mutu a wurin, kuma domin tunawa da su aka gina ɗakin nan na Changchun da ake hangowa a jikin dutse, ruwa yana fitowa ta ƙarƙashinsa yana zuba a kogi. Daga ƙofar gandun zuwa ƙauyen Tianxiang, inda yawancin baƙi ke juyowa, bai kai kilomita 20 ba, amma ba tafiya ce da ake auna ta da kilomita ba. Idan ka san Hawan Kibo a hanyar Jos, to ka ƙaddara an matse shi tsakanin bangaye biyu na dutse, an rage faɗinsa, an kuma huda duwatsun an shigar da hanyar ta cikinsu sau da dama. A wasu wurare hanyar takan koma ta mota ɗaya, manyan motocin 'yan yawon buɗe ido da na 'yan kwangila kuma sukan ci rabin hannunka a kwana. Akwai madubai masu ƙoƙo a bakin kwanoni, ka riƙa duba su. Ka bar fitilarka a kunne, ka cire baƙin tabarau kafin ka shiga ramin hanya, domin fita daga hasken rana zuwa duhu yakan makantar da mutum na ɗan lokaci, kuma ƙasan ramukan yakan kasance a jiƙe saboda ruwan da ke ɗiga daga sama.

Abin da babur ya fi mota da shi a wannan wuri shi ne ba rufi tsakaninka da dutsen. A wurin da ake kira Yanzikou bangayen biyu suna matsowa kusa da juna har sai mutum ya ɗaga kai sosai kafin ya ga sama. Dutsen marmara ne mai ratsin fari da toka, a lanƙwashe kamar an murɗa shi da hannu, jikinsa cike da ramuka da kogi ya ƙwaƙule a zamanin da yake gudu a wannan tsayi, da waɗanda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke ɓulɓulowa ta cikinsu bayan an yi ruwan sama. Can ƙasa kogin Liwu yana gudu, launinsa toka-toka saboda garin dutsen da yake ɗauke da shi, ƙararsa tana cika wurin. Sai dai rashin rufin nan shi ne kuma haɗarin. Ko kafin girgizar 2024 ma hukumar gandun ta kasance tana ba masu tafiya da ƙafa aron hular kwano a wannan yanki saboda faɗowar duwatsu. Idan ka ga sabbin tsakuwoyi warwatse a kan kwalta, alama ce cewa bangon da ke samanka bai gama zubarwa ba. Kada ka tsaya a nan don ɗaukar hoto, ka wuce sai inda aka tanada don tsayawa. Idan aka yi ruwa mai yawa ko aka ji motsin ƙasa, ka ba wurin kwanaki kafin ka shiga, ko da kuwa hakan na nufin za ka koma Kano ba ka gan shi ba. Lokacin guguwa yakan kama daga wajen Yuni zuwa Oktoba.

Ka cika tankinka kafin ka shiga, domin gidajen mai suna wajen ƙofa, na gaba kuma yana can sama da nisa a Guanyuan. Ka riƙe rigar ruwa da ruwan sha, ka fita da sassafe, ka tabbata ka bar kwazazzabon kafin magariba. Lambar 'yan sanda 110 ce, ta motar asibiti da 'yan kwana-kwana 119. Shawarata a taƙaice ita ce, idan takardunka sun cika, sama ta yi garau, hanya kuma a buɗe take, ka hau. Idan ɗaya daga cikin ukun nan ya gaza, ka ɗauki hayar mota da direba ɗan gari wanda ya san sa'o'in buɗe hanya, babur ɗin kuma ka more shi a bakin teku, wajen gaɓar Qixingtan da ke arewa da Hualien, inda hanya take a shimfiɗe.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce a wata jami'a a Taiwan, maigidana kuma zai kawo mini ziyara lokacin hutu. Muna so mu je Taroko, shi ya tuƙa ni a baya. Damuwata biyu ce: yadda zan zauna a kan babur da abaya, da kuma batun abinci da salla a wurin da ba Musulmi.
Daga wata mai karatu 'yar asalin Zinder.

AMSA: 'Yar'uwa, Allah ya ba da nasarar karatu. Duk abin da na faɗa wa Alhaji game da lasisi ya hau kan maigidanki. Ke kuma da kike da katin zama a ƙasar, kina da damar da shi ba shi da ita, wato ki zauna jarrabawar lasisin babur ta Taiwan. Akwai ta rubutu, wadda ake iya yi da Turanci, akwai kuma ta gwaji a fili, inda sashen da ya fi kayar da mutane shi ne bin wani siririn layi mai tsawon mita 15 a hankali, cikin daƙiƙa bakwai ko fiye, ba tare da an sauke ƙafa ba.

Game da sutura, kada ki zauna a karkace da ƙafafu biyu a gefe ɗaya. Doka ba ta yarda ba, kuma a hanya mai yawan kwana zama ne da ke rinjayar babur. Ki sa wando mai kauri a ƙarƙashin abayar, ki tattara bakinta ki danne a ƙarƙashinki domin kada iska ta kai shi cikin tayar baya, jelar mayafi kuma ki cusa ta cikin rigar sanyi. Hular kwano tana zama daidai a kan ƙaramin hijabi idan babu tulin ɗauri a ƙeya. Ku tuna kuma cewa nauyin mutum biyu yana ƙara wa birki aiki a gangara, don haka ku riƙa tsayawa yana hucewa.

Abinci kuwa sai da lura, domin naman alade da kitsensa suna shiga girki da yawa a can, har da miya da abin da ido zai ɗauka ganye ne zalla, ana kuma zuba giyar shinkafa a wasu girke-girken. Abin da ke taimakon Musulmi shi ne yawan mabiya addinin Buddha da ba sa cin nama, musamman a Hualien, inda hedikwatar ƙungiyar agaji ta mabiya Buddha mai suna Tzu Chi take tun kafuwarta a 1966. Gidajen abincinsu suna ɗauke da alamar 素 a ƙofa. Akwai kuma shagunan 'yan Indonesiya, waɗanda su ne mafi yawan Musulmin da ke zaune a Taiwan, kuma su ne za su nuna muku inda ake taruwa sallar Juma'a. Ku yi guzuri daga gari, ko da gasasshen dankali da ayaba ne daga kantunan da ke buɗe dare da rana, domin a cikin kwazazzabon wuraren cin abinci kaɗan ne. Idan za ku ci a Tianxiang ku kula da birai, sun saba da fizge leda daga hannun mutane. Alƙibla daga Taiwan tana yamma ne, da ɗan karkata zuwa arewa. Ku zaɓi wurin salla a fili, nesa da gindin bangon dutse, kuma kasancewarku matafiya kuna da sauƙin da shari'a ta ba ku na haɗa salloli, wanda zai taimaka muku ku fita kafin duhu.

TAMBAYA: Me ya sa duwatsun wannan wuri ba sa daina zubowa, kuma su wane ne ainihin mutanen yankin?
Daga wani malamin makaranta, Maraɗi.

AMSA: Malam, Taiwan tana zaune ne a inda manyan faifan ɓawon ƙasa biyu suke karo, na Tekun Filifin da na Turai da Asiya, kuma wannan turereniya ita ce ke ƙara wa tsaunukan tsibirin tsayi da 'yan milimitoci kowace shekara, ita ce kuma ke haddasa girgizar ƙasa. Marmaran Taroko asalinsa farar ƙasa ce da ta taru a ƙarƙashin teku fiye da shekara miliyan 200 da suka wuce, zafi da matsi suka mayar da ita marmara. Yayin da ƙasa ke tasowa, kogin Liwu yana yankan ta zuwa ƙasa, kuma da yake marmara yana da taurin da zai tsaya a miƙe ba tare da ya baje ba, sai aka sami rami mai zurfi da ƙunci maimakon kwari mai faɗi. Girgiza tana tsattsaga dutsen, ruwan guguwa yana shiga tsagar, abin da ya saki kuma ya faɗo. Gandun, wanda aka kafa a 1986, ya kai kimanin murabba'in kilomita 920, ya taso daga bakin teku har zuwa ƙololuwar Nanhu mai tsayin mita 3,742. Mai babur da ya zarce Tianxiang ya ci gaba da hawa zai iya kai wa mashigar Wuling, mita 3,275, wuri mafi tsayi da kwalta ta kai a Taiwan, inda sanyi da hazo da ƙarancin iska suke wahalar da mutum da injinsa baki ɗaya. Wannan ba tafiyar baƙo mai kwana ɗaya ba ce.

Mutanen yankin su ne Truku, kuma daga sunansu wurin ya samo nasa. Mafarauta ne da masaƙa, waɗanda a da suke yin zane a fuska alamar balaga da ƙwarewa. Japan ta mallaki Taiwan daga 1895 zuwa 1945, amma ba ta iya shiga waɗannan tsaunuka ba sai a 1914, lokacin da gwamnan da ta naɗa wa tsibirin, Sakuma Samata, ya jagoranci dubban sojoji da 'yan sanda ya murƙushe su. Daga baya aka sauko da yawancinsu daga ƙauyukansu na kan tudu zuwa filayen da ke bakin tsaunin. Tsohuwar turbar Zhuilu, wadda aka sassaƙa a jikin bango ɗaruruwan mitoci sama da kogi, da ƙarfin 'ya'yansu aka faɗaɗa ta domin 'yan sandan Japan su riƙa sintiri. Gwamnatin Taiwan ta amince da su a matsayin ƙabila mai zaman kanta a 2004, kuma har yau akwai ja-in-ja tsakaninsu da hukuma a kan haƙƙin farauta da amfani da ƙasar kakanninsu da ke cikin gandun. Da yawa daga cikin masu masauki da direbobi da masu sayar da saƙa a ƙauyukan da ke bakin ƙofar 'yan Truku ne, kuma rufe gandun bayan girgizar ƙasa ya taɓa abincinsu kai tsaye, don haka wanda ya je ya kwana a wurinsu, ya ɗauki ɗan jagora daga cikinsu.